Kwamfutar da ba a gani, da wanda ke riƙe da makullinta

A watannin ƙarshe na 2024 kamfanonin rarraba wutar lantarki a Najeriya, har da KEDCO mai kula da Kano da Katsina da Jigawa, sun yi ta shela cewa duk mai mitar kati ya sabunta ta kafin ranar 24 ga Nuwamba. Aka ba mutane jerin lambobi ashirin-ashirin kashi biyu, aka ce su danna su a mita ɗaya bayan ɗaya, in ba haka ba ta daina karɓar katin wuta. Da yawa sun zaci wata sabuwar hanyar tatsar kuɗi ce aka ɓullo da ita, alhali wani ƙirge ne da aka fara tun 1993 ya zo ƙarshe.

Tsarin da waɗannan mitoci ke bi, mai suna STS, daga Afirka ta Kudu ya fito, kamfanin wutarsu na Eskom ne ya assasa shi. Lambobi ashirin ɗin da mutum ke saya suna ɗauke da yawan wutar da ya biya da lokacin da aka sayar masa, duka a kulle da makullin sirri wanda mitarsa kaɗai ke iya buɗewa. Shi lokacin da minti ake ƙirga shi, daga ranar 1 ga Janairun 1993, domin mita ta gane katin da aka riga aka loda, ta ƙi shi idan an sake kawowa. To gurbin da aka ware wa wannan ƙirge ba ya ɗaukar fiye da minti 16,777,216, wato kusan shekara 32. Ranar da ya cika ke nan. Lambobin sabuntawa sun canza wa mita makulli, suka mayar da mafarin ƙirgen zuwa 2014, abin da zai kai ta 2045.

Akwatin nan da ke manne a bangon soro kwamfuta ce cikakkiya. Tana lissafi, tana riƙe abu a ka, tana yanke hukuncin katse wuta ba tare da shawara da kowa ba, amma ba mai kiranta kwamfuta. Haka layin waya: ɗan guntun nan mai ruwan zinare yana da ƙwaƙwalwa da manhajarsa. Haka katin ATM da dikoda da inbata, da cajar zamani wadda sai ta daidaita da waya a kan ƙarfin wutar da za ta tura mata kafin caji ya kankama. Magidancin da zai rantse maka bai taɓa mallakar kwamfuta ba, in aka bi ɗakunansa za a tarar da goma ko fiye. Wannan yanayi ne masana suka hango shekara talatin da 'yan kai da suka wuce: kwamfuta a ko'ina, ta shige cikin kayan yau da kullum har ido ya daina ganinta.

Wanda ya fi kowa fayyace tunanin shi ne Mark Weiser, masani a cibiyar binciken kamfanin Xerox da ke Palo Alto a Kalifoniya. Ya fara maganar a 1988, a watan Satumban 1991 kuma ya buga maƙalarsa a mujallar Scientific American. Hujjarsa ita ce fasahar da ta fi ratsa rayuwa ita ce wadda mutane suka manta da cewa fasaha ce. Ya kawo misalin rubutu, wanda ke jikin allon titi da goshin shago da kwalin kaya, mutum na karantawa bai ma san karatu yake yi ba. Daga baya shi da abokin aikinsa John Seely Brown suka kasa tarihin kwamfuta zango uku: zamanin da mutane da yawa ke layi a kan babbar kwamfuta ɗaya, zamanin da kowa ke da tasa a kan tebur, sai zamanin da kwamfutoci da yawa za su kewaye mutum ɗaya. Suka ƙara da sharaɗi mai nauyi: dole fasahar ta kasance mai natsuwa, ta zauna a gefen hankali, kada ta kira mutum sai da dalili.

Ba a baki suka tsaya ba. A Xerox sun ƙera na'urori girma uku: ƙarama mai cika tafin hannu, matsakaiciya kamar littafi, da babba kamar allon aji. A Kambirij ta Ingila, ɗakin binciken Olivetti ya yi wani bajo da ma'aikaci ke maƙalawa a riga, yana aika sigina duk bayan daƙiƙa 15, ginin ya san ɗakin da mutum yake, a tura masa kiran waya can. A Japan kuma Farfesa Ken Sakamura na Jami'ar Tokyo ya fara shirin TRON tun 1984, manhajar da ta shiga cikin motoci da kyamarori da wayoyi bila adadin ba tare da masu amfani da su sun taɓa jin sunanta ba. Weiser ya ga haɗarin tun daga farko. A cikin maƙalar tasa ya yi gargaɗin cewa ɗakuna cike da na'urori masu jin motsin mutane za su iya haifar da kama-karyar da ba a taɓa ganin irinta ba. Ya rasu a 1999 yana da shekara 46, bai ga wayar zamani ba.

Abin da ya mayar da hasashen gaskiya shi ne arha. Ƙwayar kwamfutar farko da aka sayar a kasuwa, Intel 4004 ta 1971, tana da tiranzista 2,300, wato ƙananan makunnan da ke yi mata lissafi. Ta cikin babbar waya a yau tana da sama da biliyan 15. Amma ba manyan ne suka cika duniya ba, ƙananan ne, waɗanda kuɗinsu bai kai dala ɗaya ba, masu cin wuta kaɗan. Kamfanin Arm na Kambirij, wanda ba ya ƙera komai da hannunsa sai zana tsari ya sayar da lasisi, ya ce zuwa 2023 an ƙera sama da biliyan 250 a kan zanensa. Sai hanyoyin magana tsakanin na'urori suka biyo baya: Wi-Fi a ƙarshen shekarun 1990, Bluetooth mai ƙarancin cin batir a 2010, da GPS wanda Amurka ta daina dagula wa farar hula siginarsa a watan Mayun 2000, ya koma nuna wuri da tazarar 'yan mitoci. A 1999 Kevin Ashton, yana aiki da kamfanin Procter & Gamble, ya kawo shawarar a maƙala wa kaya 'yan tambura masu amsa kiran rediyo domin sito ya ƙirga kansa da kansa, daga nan maganar intanet ɗin kayayyaki ta samo asali. Har adireshi, wato lambar da ake gane kowace na'ura da ita a intanet, sai da ya yi ƙaranci: tsohon tsarin intanet na da kimanin biliyan 4.3 kacal, babban rumbunsa ya ƙare a Fabrairun 2011, dole aka koma faɗaɗa sabon tsarin IPv6.

Ta fuskar ƙarfe da waya, ke nan, Weiser ya yi gaskiya. Inda abin ya kauce shi ne natsuwar. Shi ya zaci na'urorin za su zama kamar takardar da ke yashe a ofis, ka ɗauki wadda ke kusa ka yi aiki ka ajiye. Sai iPhone ta fito a 2007, Android a 2008, komai ya tattaru a na'ura ɗaya mai sunan mutum ɗaya, wadda ke kwana a gefen matashinsa. Kuma kuɗin da ke tafiyar da yawancin manhajojinta daga talla yake fitowa, talla kuwa ido yake so. Kamfanin da ribarsa ta dogara da yawan mintocin da ka yi kana kallon fuskar waya ba zai taɓa ƙera maka abin da zai zauna shiru a gefe ba. A ganina wannan ne babban karkacewar da aka yi, kuma ba gazawar injiniya ba ce, yadda aka tsara cin riba ne.

Manyan alkawura da yawa ma sun sha ƙasa. Ericsson da Cisco sun yi hasashen na'urori biliyan 50 a kan intanet kafin 2020, aka tsaya nesa da haka. Tabarau na Google Glass ya janye daga kasuwar jama'a a 2015. Unguwar zamani da Sidewalk Labs, ɗan uwan Google, ya so ginawa a Toronto ta watse a watan Mayun 2020, bayan doguwar jayayya da mazauna birnin a kan wanda zai mallaki bayanan da titi da fitila za su tara.

A ƙasashenmu kuwa ta wata ƙofa dabam abin ya shigo. Ba firji mai odar madara muka fara gani ba. Kafin layukan GSM su fara aiki a Najeriya a watan Agustan 2001, wayoyin girke a ƙasar duka ba su kai rabin miliyan ba. Cikin shekara ashirin sai ga mitar kati, ga lambar BVN a 2014, ga na'urar tantance katin zaɓe a 2015 da BVAS a 2021, ga umarnin haɗa layi da lambar NIN a Disambar 2020, ga mai POS a ƙarƙashin laima a kowace kwana. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya ƙarasa abin da ya rage: mai shayi da mai kayan miya suka rubuta lambar asusu a jikin kwali suka rataye, ciniki ya koma "na tura" da "bai shigo ba tukuna", mai saye da mai sayarwa kowa ya zuba wa wayarsa ido yana jiran alat. In aka duba waɗannan na'urori za a ga aikinsu iri ɗaya ne. Suna tabbatar da ko kai wane ne, suna ƙirga abin da ka ci, suna kuma iya katse ka.

Ba ina cewa sharri ne ba. Duk wanda ya taɓa karɓar takardar kuɗin wuta ta ƙiyasi a watan da bai ga wuta ba ya san darajar mita. Kamfanin M-KOPA da aka kafa a Kenya a 2011 ya sa layin waya a cikin akwatin sola, talaka ya riƙa biya kaɗan-kaɗan ta M-Pesa, tsarin tura kuɗi ta waya, ranar da bai biya ba fitila ta mutu, ranar da ya gama biya ta zama tasa. Mutanen da babu bankin da zai dube su sun samu haske ta wannan hanya, domin na'urar da kanta ta zama jingina. Yanzu haka ake sayar da waya bashi a kasuwanninmu, ta kulle kanta idan an yi jinkirin biya. Hello Tractor, da ya fara a Najeriya a 2014, yana maƙala wa tarakta na'urar da ke nuna wa mai ita inda take da awannin da ta yi aiki, shi ya sa yake yarda ya ba da hayarta ga manomin da bai sani ba. Amma a lura da abin da ya canza. A da idan abu ya shiga gidanka ya zama naka, kai ke juya shi. Yanzu abu na iya kwana a ɗakinka yana karɓar umarni daga wani da ke wata ƙasa. Manoman Amurka sun shafe shekaru suna rigima da John Deere a kan haka, domin taraktar da suka biya kuɗinta ta ƙi tashi bayan gyara sai wakilin kamfani ya zo da kwamfutarsa.

Garejin gyaran mota zai nuna mana cewa ba dole ne abin ya kasance haka ba. Idan fitilar inji ta kama a gaban direba, ba a fara kwance komai. Yaro zai ɗauko 'yar na'ura, ya durƙusa ya laluba ƙarƙashin sitiyari, ya jona ta a wani soket mai baki 16. Bayan ɗan lokaci lamba ta fito, a ce P0300, maigidan ya duba ya ce wuta ce ba ta kamawa daidai a silinda, a fara da fulogi da koyil kafin a zargi burenbos. Motar Japan ce ko ta Jamus ko ta Koriya, soket ɗin ɗaya ne, manyan lambobin ma ɗaya ne. Ba kirkin kamfanonin mota ne ya kawo haka ba. Dokar hana gurɓata iska ce a Amurka ta tilasta wa duk motar da za a sayar a can daga 1996 ta zo da wannan ƙofa a buɗe. Albarkacin dokar da aka yi saboda hayaƙin Kalifoniya, makaniki a Ƙofar Ruwa ko Panteka yana iya magana da kwamfutar motar da aka ƙera a wata nahiya, ba tare da izinin kowa ba, ba tare da intanet ba. Mitar kati ma haka take: tsarinta ɗaya ne ko wane kamfani ya ƙera ta, kuma ba ta buƙatar sabis, shi ya sa take aiki a ƙauyen da waya ba ta kamawa. Waɗannan biyun su ne ma'aunin da nake auna sauran da shi.

Da yawa daga cikin sababbin kayan ba sa cin wannan jarrabawa, domin rabin hankalinsu ba ya jikinsu, yana can a rumbun kwamfutocin kamfani. A 2016 Nest, mallakar Google, ya rufe rumbun da ke kula da Revolv, wata na'urar sarrafa fitilu da ƙofofin gida da aka sayar dala 300, ta zama kwalin banza a hannun waɗanda suka saya. A Fabrairun 2025 haka ta faru da AI Pin na kamfanin Humane, wata 'yar na'ura da ake maƙalawa a riga tana amsa tambaya, ƙasa da shekara ɗaya da fara isarta hannun masu saye. Matsalar ta tsawon rai ce. Firji na shekara goma sha biyar, mota ta fi ashirin, a wajenmu ma sai ta ƙare rayuwarta ta farko a Turai take fara ta biyu. Manhaja kuwa 'yan shekaru kaɗan ake kula da ita. Duk ranar da aka cusa abu mai gajeren rai cikin mai dogon rai, mai gajeren ne zai yanke wa ɗayan kwana, kuma mai sayen na hannu ne zai kwashi asarar.

Sai dogaro da sabis. A ranar 3 ga Satumban 2021 aka rufe hanyoyin sadarwa a jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, daga baya aka haɗa da sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, a wasu wuraren abin ya kai watanni. Ba kira kaɗai ya tsaya ba. POS ya mutu, tura kuɗi ya gagara, mutane suka riƙa hawa mota zuwa wata jiha don su yi waya ko su ciri kuɗi. A ranar 14 ga Maris 2024 kuma manyan wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da ACE da SAT-3, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da kamfanoni daga Kwaddibuwa zuwa Ghana da Najeriya suka shiga tasku na kwanaki. Injiniyan da ke zaune inda wuta ba ta ƙiftawa yana ɗaukar katsewar sabis a matsayin hatsarin da ba kasafai ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: a ƙasar da Bankin Duniya ya ce a 2021 mutum miliyan 85 ba su da wutar gwamnati, katsewa ita ce al'ada, kuma na'urar da ba ta san abin da za ta yi ba idan sabis ya ɗauke ba a gama ƙera ta ba. Shi ya sa lambobin USSD, masu tauraro da shinge, waɗanda ke aiki a kan ƙaramar waya ba tare da data ba, har yau suke ɗauke da ciniki mai yawa duk da tsufansu.

Na'urar da aka manta da ita kuma ba mai tsaronta. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta riƙa yawo a intanet tana gwada kalmomin sirri kusan 60, irin waɗanda kamfani ke sawa tun daga masana'anta, a kan kyamarorin tsaro da akwatunan naɗar bidiyo. Dubban ɗaruruwa suka buɗe. Ranar 21 ga Oktoba aka tattara su suka afka wa kamfanin Dyn mai nuna wa masu shiga intanet hanyar shafuka, Twitter da Netflix da wasu manyan shafuka suka gagara buɗuwa a sassan Amurka. A ƙarshen 2016 ɗin wani ɗan Birtaniya ya yi amfani da irinta ya kai wa kamfanin sadarwa na Lonestar hari a Laberiya, har intanet ɗin ƙasar ya tagayyara, kotu a Landan ta ɗaure shi a 2019. Masu kyamarorin ba su san komai ba, domin kyamara na ci gaba da nuna ƙofar gida kamar kullum. Kyamarorin da ake ɗaurawa yau a shaguna da gidaje da masallatai, nawa ne aka canza musu kalmar sirri bayan mai haɗawa ya tafi?

Maganar sirrin mutane ta fi wannan zurfi, don ba sai an yi kutse ba. A Janairun 2018 manhajar motsa jiki ta Strava ta zama abin magana, bayan da aka gano taswirar da ta wallafa ta hanyoyin da masu gudu ke bi tana nuna fasalin sansanonin soja a Siriya da Afghanistan. Babu sojan da ya yi niyyar tona asiri, agogon hannunsa ne ke ƙirga taku. Mu namu misalin ya fi ciwo: manhajojin ba da rance da suka riƙa kwashe lambobin da ke cikin wayar mai cin bashi, ranar da ya makara su aika wa surukansa da abokan aikinsa saƙon cin mutunci. Sai da hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta kai samame a 2022, Google kuma ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotuna a 2023. Najeriya ta samu dokar kare bayanai a Yunin 2023, abin a yaba ne. Sai dai yawancin irin waɗannan dokoki a kan yardar mutum aka gina su, wato a tambaye ka ka amince. Wa zai tambayi baƙon da ya shigo falo mai na'urar sauraro, ko mai tallar da ta wuce ta gaban ƙofa mai kyamara? A al'adar da ta ɗauki cikin gida da muhimmanci, har aka yi zaure don baƙo ya tsaya a nan, wannan tambaya ba ƙarama ba ce.

Abin da ke tafe, a iya fahimtata, ya rataya ne a kan inda tunanin na'ura zai zauna. Tun fitowar ChatGPT a Nuwamban 2022 ƙirƙirarriyar basira ta ba na'urori abin da suka daɗe suna nema, wato fahimtar magana da hoto. Hanya biyu ce a gaba. Ko dai kowace na'ura ta zama kunne da ido kawai, tana kwasar abin da ta ji tana aikawa rumbun wani kamfani, ko kuma a ƙanƙantar da basirar ta zauna a cikin na'urar, ta yi aikinta a nan, abin da ta ji ya tsaya a ɗaki. Hanya ta biyu tana samun ƙarfi, har da dalilin da ba na tausayi ba: aika bayani ta rediyo ya fi lissafa shi a wurin cin batir. Mu ita ta fi mana ta kowace fuska, domin ba ta cin data, ba ta jiran sabis. Wayar da za ta dubi ganyen masara ta gane tsutsa a gonar da babu sabis ta fi amfani ga manomi fiye da wadda ta fi ta wayo amma sai an hau tudu.

Murya ce za ta buɗe wa miliyoyin da ba sa karatun boko wannan ƙofa, kuma a nan gibin yake. Google Translate ya sa Hausa tun 2013, amma Siri da Alexa, manhajojin Apple da Amazon masu amsa murya, ba sa jin ta. Harshe mai karin sauti da dogon wasali da gajere, wanda rubutunsa na yau da kullum ba ya nuna su, ga bambancin Kananci da Sakkwatanci da Damagaranci, yana buƙatar dubban awanni na muryoyin mutane na gaske kafin na'ura ta iya shi. Idan ba jami'o'inmu da gidajen rediyonmu ne suka tara wannan taska suka riƙe ikonta ba, wani zai tara, mu dawo muna biyan kuɗin haya a kan harshenmu.

Akwai kuma iyakar da lissafi kawai ya isa ya nuna. A ɗauka na'urori biliyan 10 ne, kowace batirinta na shekara goma: kullum sai an canza batir kusan miliyan 2.7. Shi ya sa bincike ya karkata ga na'urorin da ke tsintar wuta daga haske ko zafi ko igiyar rediyo, kamar yadda katin banki na taɓawa ke aiki ba batir. Sharar ma tana taruwa. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na tarkacen lantarki, kashi 22 cikin ɗari kacal aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida. Wani kaso na sauran a gaɓarmu yake sauka. Kafin a rushe Agbogbloshie a Accra a 2021, matasa ne, akasarinsu daga arewacin Ghana, ke ƙona wayoyi suna shaƙar hayaƙi don su ciro tagulla.

Ƙasashen da ke sayen kayan da yawa sun fara ɗaure masu ƙerawa. Daga 29 ga Afrilun 2024 Birtaniya ta haramta sayar da na'ura mai kalmar sirri ta gama-gari, ta kuma wajabta a faɗa wa mai saye tsawon lokacin da za a riƙa sabunta manhajarta. Tarayyar Turai ta yi doka mafi faɗi wadda za ta fara aiki gaba ɗaya a Disambar 2027, tana neman a kula da tsaron kaya aƙalla shekara biyar a mafi yawan lokuta. Wataƙila mu ci albarkacinta kamar yadda muka ci ta soket ɗin mota, idan kamfanoni suka ga ƙera iri ɗaya ya fi musu sauƙi. Amma ƙananan masana'antu masu kayan arha ba za su rufe ba don Turai ta ƙi kayansu, wata kasuwa za su nema, kuma mun san hanyar da tsofaffin firji da talabijin suka bi suka iso mu. Hukumar NCC na tantance na'urorin sadarwa kafin a sayar da su, SON na da tsarin SONCAP a kan kayan da ake shigowa da su. Ina so in ga sun wajabta a rubuta abu uku ɓaro-ɓaro a jikin kwali, da harshen da ɗan kasuwar waya ta Farm Centre a Kano da mai sayensa za su gane: shekara nawa kamfani zai kula da manhajar, me na'urar ke iya yi idan babu sabis, kuma wa ke da ikon kashe ta daga nesa. Lokacin yin hakan kafin Disambar 2027 ne, tun kayan da Turai za ta ƙi ba su fara sauka a Apapa da Kwatano ba.